Tagar Ɗakin Ma'u

Dutsin-Ma,
14 ga Agusta, 1979.

Zuwa ga Yaya Hudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki a Kaduna, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan mun gode Allah, damina ta yi kyau, geron Baba na gonar Makera har ya fi ni tsawo. Yaron da ƙanwarmu Ma'u ta haifa yana nan kuɓul-kuɓul, da hancinka sak, Allah ya ba shi haƙuri.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto maka. Ka san Ma'u ta zo gida wankan jego, kuma ka san Inna da gadon ƙasa. Shekaranjiya aka tashi da marka, Inna ta ce sanyi zai kama mai jego, ta cika ƙarƙashin gadon da garwashin gawayi, ta rufe taga ta cusa tsumma, ta ja ƙofa. Allah ya sa jaririn yana bayana. Da azahar na kai kunun kanwa na kira Ma'u shiru, na girgiza ta, kanta ya langaɓe. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Inna kuwa cewa ta yi sanyi ne ya buge ta, a ƙaro wuta.

Kukana ne ya jawo maƙwabcinmu Malam Kefas, mai koyar da kimiyya a sakandare. Ko sallama bai tsaya yi ba, ya sa muka ciccibo ta zuwa tsakar gida cikin yayyafi, ya nemo mota zuwa asibiti. A hanya ya yi mini bayani. Ya ce jini kullum yana kama iska mai kyau yana saki, to tururin gawayi ma gurbin iskar nan yake nema a jini, ya kuma fi riƙo, ga shi ba ya wari. Tsakanin iskar da tururin, wanda ya yi yawa a ɗaki, wajensa rinjaye ke komawa. In aka fito da mutum sarari sai rinjayen ya juyo, amma a hankali, shi ya sa a asibiti suka sa mata iska mai kyau ta tukunyar ƙarfe a hanci don a ture mugun da sauri. Kafin magariba ta buɗe ido ta tambayi ɗanta.

An sallamo ta jiya, kanta na ciwo har yanzu. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Inna ta yi kuka sosai, amma ta kafe cewa da wutar nan ta yi jegonmu mu shida, kuma fitar da mai jego cikin ruwa shi ne gangancin. Malam Kefas ya durƙusa ya ce mata ba wutar ya hana ba, taga kawai za a bari a buɗe. Ta ce namiji bai san jego ba. Ni da na sa baki, kallo ɗaya ta yi mini na tuna ni yarinya ce. Sai na zare ƙyauren tagar na ɓoye bayan rumbu.

Yanzu ta yanke ran Lahadi za ta kai Ma'u Kurfi wurin Gwaggo Tani, ta ƙarasa arba'in inda ba mai sa musu ido. Saura kwana ashirin da shida arba'in ɗin ya cika. Maganarka kaɗai Inna ke ji, shi ya sa na ba Alu direba wasiƙar nan hannu da hannu. Don girman Allah ka taho kafin Lahadi, kada ka ce za ka rubuto. Ka tuna ɗakin Gwaggo na ƙurya, inda muke kwana muna yara. Ba abin da zan zare a can, Yaya, ɗakin ba shi da taga.

Ka gaishe da Anti Rekiya da su Kyauta. Baba yana sa maka albarka.

Ƙanwarka mai jiran ganinka,
Hasana.