Da'irar da Ke Kan Allon Kwamfutata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da ciwon gwiwarta. Mu ma lafiya lau. 'Yarki ta saba da sabuwar makaranta, har ta daina tambayar yaushe za mu koma gidan babanta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda da biro. Kwamfutata ce ta yi mini tawaye. Duk shafin da na nema, jarida ko imel ko na wurin aiki, sai ta yi ɗan gargaɗi, in na matsa gaba ta buɗe mini abu guda: taswirar gari da jar da'ira a kan rabinsa. Babu rubutu ko kalma ɗaya. Na share tarihi da tarkacen da burauza, manhajar buɗe shafuka, ke tarawa, na sauko da wata burauzar, na kashe na kunna, maganin da mu masu digiri muke yi wa kowace cuta. Da'irar tana nan daram. Ina jin tallar masu kai kaya gida ce, wadda aka manta a sa wa suna.

Ki gode wa Mama da kwaso mini kayana daga wurin Injiniya, baban yarinyar. Har yanzu dai kada kowa ya san inda nake, ko da da rantsuwa aka tambaya.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, yaya gida, yaya Mama?

Da'irar ta tsuke. Yanzu unguwarmu kaɗai ta kewaye, ina iya ganin kantin magani da makarantar 'yarki a ciki. Na kuma lura da datar wayata komai yana buɗewa daidai, sai na hau intanet ɗin gida abin ke dawowa. Na kai wa mai kula da kwamfutocin ofishinmu labari. Ya ce kwamfutar lafiyarta ƙalau, akwatin intanet ɗin ne ake juyawa daga nesa, kuma sai wanda ya saita shi da farko ne zai iya. Ya tambaye ni inda na saya.

Ba saya na yi ba, Yaya. A cikin kwalin tukwane na tsince shi. Kin san Mama, ko murfin kwalba ba ta bar wa abokin gaba. Da na tambaye ta, cewa ta yi Injiniya da kansa ya miƙa mata, ya naɗe wayar wutarsa tsaf, har ya ce a gaishe ni. Ta ma yaba da hankalinsa. Na sauya lamba, na sauya wurin aiki, na sauya hanyar kasuwa, sannan na ɗauki kunnensa na jona a falona, kusa da taga don ya fi kamawa.

Mutumin ofis ya ce in na cire shi, Injiniya zai san na gane. Na bar akwatin yana ƙyafta koren idonsa, ina neman wani gidan.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ki yafe mini gajarta, ɗan aike na jira.

Yau da safe gini uku ne kawai a cikin da'irar. Da zan fita, maigadi ya tare ni da fara'a, ya ce an zo daga kamfanin intanet, wani mai ladabi da jakar aiki, yana tambayar ko akwai wanda shafukansa ke buɗe masa abin da bai nema ba. Maigadin ya tuna ƙorafina, bawan Allah, ya nuna masa tagata. Ya ce har ya roƙa mini a yi gyaran kyauta.

Ki je makaranta da kanki ki ɗauko 'yarki kafin a tashi, ki bi ta ƙofar baya. Kada ki kai ta gidana, kada ki kai ta wurin Mama. Ni zan tsaya a ofis sai na ji daga gare ki.

Maigadi ya ce mutumin zai dawo da yamma. Wai ya tambayi ƙarfe nawa yarinyar ke dawowa, don kada ya tarar da gida a kulle.

Ƙanwarki,
Auta