Ciyawar Kenya da Shanun Baffa

Nairobi, Afrilu 1975

Zuwa ga Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Roni. Ni ma ƙalau nake, kwas ɗinmu na aikin dabbobi ya kusa ƙarewa, sai dai kewar gida.

Ranar Asabar aka kai mu kallo gandun daji. Yaya, na ga ikon Allah. Raƙumin dawa ya tare mana hanya yana leƙenmu kamar mu ne abin kallon, jakunan dawa kuwa ba sa ƙirguwa. Mun tarar da zakanya kwance a inuwa, ta ƙoshi har ta kasa ɗaga kai. Abokan tafiyata suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa ciyawa nake kallo. Damina ce a nan, ciyawa har gwiwa, ga ɓauna suna kiwo ba mai korarsu. Sai na tuna shanunmu da fari ya kayar bara waccan, muna ɗaga su da itace suna komawa ƙasa. Zama ya gagare ni a motar, har direba ya tambaya ko cikina ke ciwo.

A bakin gandun muka haɗu da wani dattijo makiyayi, direban ya yi mana tafinta. Ya ce shi ma fari ya cinye masa garke, 'ya'yansa suka matsa a sayar da ragowar a koma birni, ya ƙi. Yanzu garken ya farfaɗo, na ga maruƙansa da idona.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin kafin in taso Kawu Daudu ya faɗa mini kana shirin sayar da ragowar shanun marigayi Baffa ka sayi motar haya ta hanyar Kano. Na san kai kake bin su cikin rana, ni ina ofis, kuma ban isa in hana ka ba. Amma mahaƙurci mawadaci ne. Don Allah ka jira ni, ina tafe kafin ruwan shuka. In kuwa ya zama dole, ka bar wa Inna farar saniyar nan, kada ta fito da ƙwarya da safe ta tarar da turke babu komai.

Ka gaishe mini da Inna, da Adda Shatu a Kazaure, da matarka Saude da yara.

Ƙaninka,
Halliru