Addu'ar da Na Roƙa wa Kanari

Anti, ki taimake ni, don ilimina ya kawo ni inda ba shi da amsa.

Ni mai haɗa magunguna ce a wani asibiti, shekarata talatin da huɗu. A ƙungiyar mawaƙan coci na girma. Akwai wata da muke kira Kanari saboda muryarta. In ta ɗauki waƙa, har tsofaffin da ke gyangyaɗi a bencin baya sukan farka. Ni ce a gefenta, kuma ba wanda ya taɓa farkawa saboda ni.

Ina aji uku a jami'a, wata Asabar bayan gwajin waƙa, na ɗauki littafin waƙoƙinta bisa kuskure, don duk bangonsu ɗaya. A ciki na tarar da takardar likita. Wani zai ga jagwalgwalon rubutu ne kawai, ni kuwa a daidai makon ne aka koya mana maganin. Na farfaɗiya ne. Ranar Laraba a taron addu'a, da aka ce mai buƙata ya faɗa, na miƙe, na sassauta murya, na ce a sa 'yar'uwarmu a addu'a, na faɗi sunan ciwon. Aka yi mata addu'a har da hawaye. Uwar saurayinta na cikin masu cewa amin. Kafin wata ya ƙare an fasa auren. Kanari ba ta sake tsayawa cikin mawaƙa ba.

Ni ma na daina zuwa. Na ce wa mutane karatu ya buɗe mini ido, ina da tambayoyi game da addini. Tambayoyin masu kyau ne, Anti, amma aro su na yi.

Shekara goma sha biyu ke nan. Yanzu kowace Lahadi nakan ajiye mota a gindin bishiyar da ke tsallaken cocin, in sauke gilashi kaɗan. Waƙar takan iso a tsintsinke, iska ta kawo rabi ta tafi da rabi. Nakan lumshe ido in ga hasken tagogi yana zuba a kan fararen riguna, in ji muryarta tana yawo a saman sauran, alhali na san tana can shagonta na ɗinki, ba ta yi aure ba har yau. Mama kuwa tana ciki, ta ɗora jakarta a bencin don ta kama mini wuri. Har gobe tana yabona cewa ni ce mai tausayin da ta tuna da yarinyar nan a addu'a.

Na roƙi gafara a ɗakina ba sau ɗaya ba. Shin Allah yana neman irina, wadda ta yi ɓarna da sunansa? Kuma dole ne sai na je wurinta? Ina tsoron in fama mata ciwo. Ko kuma kaina nake ji wa tsoro, na kasa rabewa.

Mai Zama a Mota

*

'Yata,

Tambayarki ta farko mai sauƙi ce. Yana nemanki. Ba ke kike kai kanki gindin bishiyar nan ba. Wanda bai daina ƙaunarki ba shi ke jan ki. Yesu bai zo domin waɗanda suka iya cewa amin da zuciya ɗaya kaɗai ba, ya zo har domin wadda ta mai da addu'a wuƙa. Gafararsa ba ladan ziyarar da za ki kai ba ce, ta riga ki fitowa.

Amma tuba ba baƙin ciki ba ne kawai, juyowa ne. Baƙin ciki kin yi shi shekara goma sha biyu, kuma bai ƙara wa Kanari komai ba.

Tsoron da kike yi mata yana da tushe. Kada ki faɗo mata a shago a gaban masu kawo ɗinki. Ki aika mata saƙo gajere, ki nemi izinin ganinta, ki bar mata zaɓi. In ta yarda, ki faɗa ba ado: na gani, na sani, da gangan na yi, hassada ce. Kada ki ce ai ba ƙarya kika yi ba. Kada ki roƙe ta ta lallashe ki. In ta ƙi ganinki ko ta ƙi yafewa, haƙƙinta ne, ki ci gaba da yi mata addu'a, ke kaɗai, ba a taro ba.

Sai mahaifiyarki. Ki gaya mata gaskiya a makon nan. Za ta ji zafi, amma gara ta ƙaunaci 'yar da ta haifa da wadda ta zata.

Daga nan ki fito daga motar, ki shiga coci ki yi sujada. Ubangiji ya ba ki ƙarfin hali, ya warkar da zuciyar 'yar'uwarki, ya ba ku salama ku duka.

Antinki