Farar da Na Ce a Bari

Litinin, 1 ga Satumba, 1986
Yau mun watsa dusa a gonar Baba a Morai. Gauraye take da ƙwayar cuta mai cin fara daga ciki. Wadda ta ci sai ta kasala ta mutu, 'yan'uwanta su cinye gawar su ma su kamu. Haka aka koya mana a ofishin gona. Ni na hana Baba yin feshi. Tun da ruwan dam ya haɗiye mana fadama, geron nan kaɗai ya rage wa gidanmu. Ya ce, "Abdu, in ba ta yi ba hwa?" Na ce za ta yi. Bakina ya fi zuciyata ƙarfi.

Alhamis, 11 ga Satumba
Fara sai ƙaruwa. In ka yi shiru kana jin cinta, ƙas-ƙas-ƙas. Wai wata farar na tafe daga Maradun.

Asabar, 20 ga Satumba
Na ga masu jan ƙafa, ba sa iya tashi. Cutar ta kama ke nan. Amma gawa ko ɗaya ban gani ba. Ina suke zuwa?

Talata, 23 ga Satumba
Na gano. Da sassafe na tarar da Inna da ƙanwata Hasana a gonar, buhu ya kusa cika. Inna har da murna: "Hwarar bana akwai ladabi, ko gudu ba ta yi." Ashe marasa lafiyar suke tsincewa tas, su soya da yaji. Su ne fa za su yaɗa cutar! Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ta ce, "Ba kai kac ce ba ta taɓa mutum ba?" Ni na ce. Haka aka gaya mini, ban taɓa sa ta a bakina ba. Tsoro nake ji.

Laraba, 1 ga Oktoba
Zangarniya ta koma tsinke. Baba ya zaga gonar ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Gara ya zage ni.

Lahadi, 5 ga Oktoba
Rumbu ya kusa ƙasa, an rage tuwo. Inna ta turo mini kwanon soyayyar fara ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ci. Geron ubanka na ciki."
Na ci. Babu abin da ya same ni, tukuna.
Na tambayi Hasana ko akwai wani buhun da babu komai a ciki. Gonar kawai zan duba gobe da sassafe.