Bular Inna a Tukunyar Kaki

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Kyandir goma sha biyu na zuba yau, duk sun fito kalar man shanu. Kakin waken suya ke nan, haka Allah ya yi shi. Zainab mai kwalliyar wurin biki ta ce fari fat take so, in na iya za ta riƙa kai su har Maraɗi. Na rage wuta, na daina sa turaren banila tunda Madam Nafisa, malamarmu a gidan koyon sana'a, ta ce yana jawo rawaya. An samu ɗan haske, amma da saura.

Inna na kan tabarma tana kallona. Wata biyu ke nan da na ɗauko ta daga garinmu Kona bayan ta fita takabar Baba, da kyar da roƙo. Matar da ta shekara talatin tana wa mutane wanki da guga, yanzu hannu na rawa, ko tsintsiya na hana ta taɓawa. Kullum sai ta ce zaman banza ya ishe ta. Tsorona kada ta ce za ta koma.

Alhamis, 7 Nuwamba

Inna ta ɗaga kyandir ɗaya, ta juya shi a rana kamar mai duba rigar liman. Wai fari ba ya fita sai an ba shi bula, shuɗin nan na wanki, in jefa kaɗan a tukunyar kaki. Na yi dariya na ce Inna wannan ba wanki ba ne. Ta mayar da kyandirin inda ta ɗauko shi. Na san halinta.

Asabar, 9 Nuwamba

Inna ta zuba bular. Na leƙa maƙwabta aron mazurari, kafin in dawo ta jiƙa bula a murfin kwalba ta juye cikin kakin. Bula kuwa ba ta haɗuwa da kaki. Ta kwanta a ƙasan kofuna ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo, lagwani na ta tartsatsi saboda ruwan.

Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce mata don Allah ta zauna ta huta, ta bar abin da ba ta sani ba. A gaban mijina Mumuni na faɗa, surukinta. Shi ya sunkuyar da kai ya fice.

Lahadi, 10 Nuwamba

Ba ta sha furar da na dama mata ba.

Talata, 12 Nuwamba

Ta ƙulle kayanta a zane, ta ajiye bayan ƙofa inda dole in gani. Ta aiki Mumuni ya tambayo mata motar Kona ta ranar Lahadi. Ni ba ta gaya mini ba. Dama ni ce ƴar fari, ko sunana ba ta kira, sai dai "ke". Yau ko "ke" ɗin ban samu ba, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Laraba, 13 Nuwamba

Na kai wa Madam Nafisa kofi ɗaya cikin waɗanda bular ta ɓata, da niyyar ta taya ni mita. Ta duba, ta tambayi wa ya ba ni dabarar. Ashe tsohuwa ta fi ni gaskiya. Ɗan shuɗi kaɗan shi ke kashe rawaya a ido, a tufa ko a kaki, sai dai na kaki rini ne da ke narkewa cikin mai. Ta gutsuro mini wani kamar ƙwayar gero uku, ta ce in ya yi yawa sai kyandir ya koma toka-toka, kuma ma'auninsa ido ne.

Duk hanya kunya nake ji. Ni da takardar shaidata a bango.

Alhamis, 14 Nuwamba

Ban iya ba da haƙuri ba, gadon Inna na yi. Durƙusawa kawai na yi gabanta da rinin a tafin hannu, na ce idona bai kai ba. Sai ta ce in karyo mata tsinken tsintsiya.

Da bakin tsinken ta laƙato, hannun na rawa amma idon na nan daram. Ta sa a narkakken kaki, ta ce in ɗiga shi a farin faranti, muka jira ya daskare. Sau uku tana cewa in ƙara, a na huɗu ta riƙe mini hannu. "Ke, ya isa. Hwari ba a cika mishi."

Asabar, 16 Nuwamba

Kyandirorin da muka zuba sun bushe a inuwa, don ta hana in shanya su a rana. Zainab ta zo ta gani, ta yi ta santi, ta kwashi shida. Fari tas, ni ban taɓa ganin irinsa ba.

Bayan ta tafi Inna ta ɗauki kyandir ɗaya, buji in ji ta, ta kai bakin ƙofa, ta taɓe baki.

"Wannan ne hwari? Da saura. Bujin ga sai mun sake mishi zubi biyu ko ukku kahin ya yi."

Mumuni ya ce to motar gobe fa. Ta ce shi mota ta dama, ita aiki ke gabanta.

Na karɓi kyandirin na duba sosai. Babu ɗigon rawaya ko ɗaya, kuma na tabbata ita ma ta gani. Na ce gaskiyarki Inna, da saura. Anya ma zubi uku zai isa?