Oga Injiniya, Fure Ba Ya Kashe Laftof

Zuwa ga Oga Injiniya, mai shagon gyaran kwamfuta da wayoyi da ke bayan masu sauke kabeji a Farin Gada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sukudirebobinka da ban ga ka taɓa ko ɗaya ba, ni ce Zulaihat, ƙanwar Nasiru, yarinyar nan mai shuɗin hijabi da ta tsaya bayan mahaifinta a shagonka ran Litinin tana kallon takalminta. Ka yi haƙuri da na liƙa wannan takarda a ƙofarka inda kowa zai karanta. Ni dai in na tsaya gaban manya, muryata guduwa take yi ta bar ni. Biro ne kawai ba ya yi mini haka.

Ga abin da ya faru, don masu wucewa su fahimta. Laftof ɗin Yaya Nasiru, wadda Baba ya saya masa ta hannu saboda karatun jami'a, ta ƙi tashi. An danna, shiru. An sake dannawa da bismilla, shiru. Da yake ni aka gani kusa da ita a ƙarshe, Baba ya sa ni gaba muka zo wurinka. Ka yanke hukunci cewa ni na kashe ta. Yanzu Baba ya tattara duk littattafaina na soyayya ya cusa a buhun dankali ya ɗaure, ya kuma rantse ran Juma'a bayan masallaci zai kai wa Malam Iro mai tsire na Abbatuwa ya riƙa naɗe nama da su. Baba ba ya rantsuwar wasa. Shi ya sa nake da 'yan maganganu.

Na farko, kafin ta iso hannunka, baiwar Allahn nan ta sha magani a gidanmu. Kaka ta ce sanyin Jos ne ya kama ta, ta lulluɓe ta da bargo ta ajiye kusa da kaskon gawayi. Yaya ya ce a'a, ya shanya ta a rana kamar kuɓewa. Kawu Ɗanjuma direba ya ɗaga ta ya jijjiga a kunnensa, ya buga mata tafi biyu a baya yadda yake yi wa rediyon motarsa. Duk an gaya maka wannan. Ka gyaɗa kai kamar an ce maka an ba ta ruwan zamzam.

Na biyu, yadda ka duba ta. Ranka ya daɗe, na zuba ido sosai, don kallo ne kaɗai aikin da na iya a gaban mutane. Ka danna maɓallin. Ka kara kunne. Ka shinshina gefenta. Ka jawo wata caja daga kwalinka, bakinta bai shiga ba, ka ce irin wannan ba kowa ke da ita ba, ka mayar. Ba ka cire batir ba, ba ka juya ta ba. Sai ka hango busasshen jan fure ya maƙale a lungun da murfin ke naɗewa. Ka ɗaga shi da yatsa biyu har yaran shago suka leƙo, ka ce, "Alhaji, ga ɓarawon! Ruwan wannan abu ya sauka cikin inji. 'Yan matan yanzu, soyayya za ta gama da mu."

E, furena ne. Ni na sa shi, don murfin laftof ya fi kowane littafi iya danne fure ya miƙe. Amma wallahi ya riga ya bushe ƙayau tun kafin ya shiga, ko akuya ba za ta kula shi ba. Wane ruwa? Kuma ba ka san abin da ka jawo mini ba. Tun daga Farin Gada har Kabong, a cikin tasi, gaban mutane, Baba yana tambayata wane ɗan iska ne ya ba ni fure. Babu wanda ya ba ni, Oga. Ni na tsinko abina a katangar maƙwabta. Na faɗa, ba a yarda ba, kuma ni kaina da na ji shi a bakina sai na ji tausayin kaina.

Na uku, kuma shi ne abin da na so in faɗa a shagonka ban samu faɗa ba. Cajar gidanmu tana da wani ɗan kore haske a jikin akwatinta. Na san shi, don ni nake share ɗakin. Ranar Asabar wuta ta dawo da ƙarfi, ƙwan falo ya yi ƙara ya mutu, ɗakin Yaya ya ɗauki warin roba. Tun daga lokacin hasken nan bai sake kamawa ba, na gwada a soket ɗin kicin ma. Laftof ɗin ta ci gaba da aiki har yamma, sannan ta yi barci. Ni ba injiniya ba ce, wataƙila ma ba haka ba ne. Amma a gidanmu, in mutum ya faɗi, ana tambaya ko ya ci abinci kafin a ce aljanu ne. Cajar tana nan ƙarƙashin gadon Yaya. Ba a zo da ita ba, kai ma ba ka tambaya ba.

Saboda haka ina roƙo. Ka aika a kawo cajar ka auna ta da mitar nan taka mai jan waya da baƙar waya. Ko ka aro mai irin bakinta wajen maƙwabcinka, ka cire batirin, ka jona, ka gani. In ta tashi, ka zo da kanka ka gaya wa Baba, da irin muryar da ka yi shelar furena, don Baba ba ya jin maganar mace mai shekaruna in wani mai gilashi ya riga ta. In kuwa ba ta tashi ba, ka kwance ta ka nuna mini inda ruwan ya bi, ni da hannuna zan ɗauki buhun in kai Abbatuwa.

Amma ka yi kafin Juma'a, don Allah. A cikin buhun akwai wanda ban gama ba. Na tsaya daidai inda matuƙin jirgin sama ya farfaɗo a asibiti bai gane kowa ba, budurwarsa kuma tana bakin ƙofa riƙe da kwanon abinci, ta kasa shiga.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya ba ka cajoji masu kowane irin baki, ya kare 'ya'yanka mata daga hukuncin shinshinawa. In kuma ka ƙi zuwa, to na ji an ce kai ma wajen Malam Iro kake sayen tsire. Duk takardar da aka naɗe maka, kada ka goge hannu da ita. Ka karanta tukuna, ka aiko Yaya ya gaya mini ko matuƙin jirgin ya tuna ta.

Wassalam.

Zulaihat, ƙanwar Nasiru, Kabong, Jos.