Abbagana Da Jirgin Fito

Gashuwa, damina, 1949

Zuwa ga Yaya Meram a Kano,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya sa kina lafiya ke da iyali, amin. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya yi kyau, gwiwata kuwa tana nan tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ki ba ɗanki Mudi ya karanta miki, ya yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji biyu malami ya ce in je kogi ya fi bukatata.

Yaya, maganar yaron nan naki ce, wanda na haifa kika goya. Tun da ya yi dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Nguru ya dawo da shan burukutu. Da fari na ce ai dawa ce, mu tuwo, shi ruwa. Yanzu dariyar ta ƙare. Idanunsa sun yi rawaya, ciki ya kumbura. Malamin asibiti ya ce hanta ce, in bai bari ba kada mu sa ran zai ga kaka biyu. Matarsa Fanne ta daina zuwa biki saboda bakin mutane.

Ranar kasuwa kogi ya cika maƙil, ya ɗebi mata masu tallan nono a jirginmu na fito. Ina gaɓa ina kallo, a tsakiyar ruwa ya saki sandar tuƙi ya zauna yana amai, jirgi ya juya ya bi igiyar ruwa, mata na salati. Kin san ɗan fari ne, tun haihuwarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa faɗa ido da ido ba. Ran nan a gaban jama'a na buɗe baki na yi ihu, Abbagana! Ko waiwayowa bai yi ba. Daga baya ya ce wa Fanne bai san muryar wa ba ce. Masunta ne suka taro jirgin, ba a rasa rai ba.

Sarkin ruwa ya ce in ya ƙara taɓa sanda zai karɓe mashigar da muka gada. Wannan da sauƙi, ni na koma fito, ina ɗingishi mata na yi mini dariya. Ransa nake ji. Ni har yau in ya shigo bakina mutuwa yake. Ke kuwa kin ja kunnensa yana ƙarami, ke kaɗai yake sunkuyar wa kai. Ki hau jirgin ƙasa zuwa Nguru, zan sa mai mota ya jira ki. Kada ki ce sai bayan girbi. Jiya da safe ya yi aman jini.

Fanne tana gaishe ki, ita ta ce in rubuto. Ki gai da Mudi da Zaituna da yara.

Ni ne ƙanenki,
Madu mai fito